Uwargida, Kin San Asalin Kalmar Da Ke Bakinki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanar da shi magana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa, wani ɗan abu ne da ya faru a ajinmu na matan aure a nan Talata Mafara, wata ranar Asabar da hantsi. Muna tsakiyar darasin Ahalari sai yaron wata ɗalibata, ɗan kimanin shekara uku, ya tuntsurar da butar ruwa a kan littafinta. Kafin ki ce kwabo ta fizgo shi, ta ce: "Kai shege, tsinanne, ɗan iska! Aradu yau sai jikinka ya gaya maka!"

Aji ya kwashe da dariya. Wata dattijuwa mutuniyar Bakura da ke zama a sahun baya, wadda duk muke kira Inna, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce: "Ke ɗiyar ga, wa yah haihe shi?" Ta ce: "Ni ce, Inna." Inna ta ce: "To da wa kinka haihe shi, tunda kin ce shege na?" Sai aji ya yi tsit. Baiwar Allah nan ta sunkuyar da kai, ta ce: "Haba Inna, ai ba haka nike nuhi ba. Baki ya saba."

Baki ya saba. Wannan ita ce amsar da kusan dukkanmu za mu bayar. Amma ki duba, a cikin numfashi ɗaya uwar nan ta kore ɗanta daga ubansa, ta yi masa mugun baki, ta danganta shi ga iska, sannan ta rantse da wanin Allah. Kuma ba muguwar mace ba ce, mai sallah ce, mai neman ilimi. Abin da ya same ta shi ne ta gaji kalmomi ba ta taɓa tambayar daga ina suka fito ba. Shi ya sa nake so mu zauna yau mu bi wasu daga cikin kalmomin da muke furtawa kullum, mu ga asalinsu, mu ga abin da suke ɗauke da shi.

DALILI DAGA ALƘUR'ANI

Wata za ta ce, Malama, mene ne haɗin addini da asalin kalma? To ki buɗe Suratul Baƙara, aya ta 104. Sahabbai sun kasance idan Manzon Allah (S.A.W.) yana karantar da su, sukan ce masa "ra'ina", suna nufin ya kula da su, ya dakata musu su fahimta. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma wasu daga Yahudawan Madina suka riƙa karkatar da harshe da wannan kalma suna nufin zagi. Sai Allah Ya hana muminai faɗinta, Ya ba su wata kalmar a madadinta, wato "unzurna". Ki lura, ba a ce da sahabbai tunda zuciyarku fari ce ku ci gaba ba. An canja musu kalmar ne gaba ɗaya.

A Suratu Ƙaf kuma, aya ta 18, Allah Ya sanar da mu cewa babu wata magana da mutum zai furta face akwai mai tsaro a tare da shi yana rubutawa. Ba a ware maganar wasa ba, ba a ware ta cikin ɗaki ba, ba a ware wadda baki ya saba ba. Bahaushe ma ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

KALMOMIN ALHERI DA MUKE ƊAUKE DA SU

Bari mu fara da abin farin ciki. Musulunci ya daɗe a ƙasar Hausa har ya shiga cikin harshenmu, ta yadda mace za ta yini tana magana da kalmomin Larabci ba ta sani ba. Sunan garin nan namu ma shaida ne: Talata daga Larabci take, ranar uku ke nan ta mako, ranar da kasuwarmu ke ci. Haka Lahadi da Litinin da Laraba da Alhamis, duk ƙidaya ce ta Larabci, ɗaya, biyu, huɗu, biyar. Daga nan muka samu Ladi da Altine da Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe, da Ɗanladi da Ɗanjuma.

Idan kika ce "lafiya lau", kalmar afiya kika faɗa, wadda Manzon Allah (S.A.W.) ya koyar da mu mu yawaita roƙon Allah ita. "Barka" da "albarka" daga baraka suke. "Alheri" daga alhairi, "ladabi" daga adab. Hatta alkunya, wato sakaya sunan ɗan fari ko sunan suruki, daga kalmar Larabci ce ta kiran mutum da baban wane ko uwar wane don girmamawa. Yaron da aka sa wa sunan kakansa muna ce masa Abba, yarinya kuma Ummi, ma'anarsu uba da uwata.

Sai dai akwai inda muke zubar da darajar irin waɗannan kalmomi. "Lahaula" gutsure ne na zikiri babba, wanda ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa taska ce daga taskokin Aljanna. Mu kuwa mun mai da ita mabuɗin gulma: "Lahaula! Ke, kin ji abin da wance ta yi?" Haka "Innalillahi", wadda aka ba mu don lokacin musiba, sai ki ji an ja ta da tafa hannu ana shirin cin naman maƙwabciya. A fara da ambaton Allah a ƙare da giba, wannan wace irin ciniki ce?

WALLAHI, TALLAHI, ARADU

Larabawa suna da haruffa uku na rantsuwa: wa, da ta, da bi. Idan aka haɗa kowanne da sunan Allah sai a samu wallahi, tallahi, billahi. Ita kuma "summa" da muke sawa a tsakani, ma'anarta "sannan kuma". Saboda haka wadda ta ce "wallahi summa tallahi" ta kira Allah shaida sau biyu. Yanzu har an gutsure ta, an koma "wallai", a saƙon waya kuma haruffa uku kawai ake rubutawa. Gutsurewar ba ta rage mata nauyi ba.

Ki saurari cinikinmu na cikin gida, na atamfa ko na kayan miya ko na adashi. "Wallahi ban ci riba ba." "Wallahi haka na saro." "Wallahi gobe zan aiko miki." A fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, rantsuwar da ba a kama mutum da ita, ita ce ya rantse a kan abin da yake da yaƙinin haka yake, daga baya ya bayyana ba haka ba ne. Wadda kuwa ta rantse za ta yi abu ba ta yi ba, kaffara ta hau kanta kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wadda ba ta samu ba ta yi azumin kwana 3. Mafi muni ita ce rantsuwa a kan ƙarya da gangan. Wannan kaffara ba ta ɗauke ta, sai tuba da mayar da haƙƙin mai haƙƙi.

To "aradu" fa? Ita ma Balarabiya ce, daga arra'adu, wato tsawa. Akwai sura guda mai wannan suna, sura ta 13, kuma a ayarta ta 13 Allah Ya ba mu labarin cewa ita kanta tsawar tasbihi take yi gare Shi. Rantsuwa da aradu ko da kwarankwatsa gadon zamanin maguzanci ne, lokacin da ake ganin tsawa ce ke hukunta maƙaryaci da ɓarawo. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana rantsuwa da iyaye, ya umarci mai rantsuwa ya rantse da Allah ko ya yi shiru, kuma hadisin Tirmizi ya danganta rantsuwa da wanin Allah ga shirka. Yaya za ki bar Ubangijin tsawa ki rantse da baiwar da take yi maSa tasbihi? Abin takaici, akwai wadda za ta yi wallahi goma a kan ƙarya hankalinta kwance, amma in aka ce ta ce aradu sai jikinta ya yi sanyi. Wannan alama ce ta cewa tsoron ya koma inda bai kamata ba.

ZAGIN CIKIN GIDA

Yanzu mu dawo kan kalmomin da ɗalibata ta jefi ɗanta da su, da 'yan'uwansu.

Shege. Ma'anarsa ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba. Duk wadda ta kira yaro da wannan suna, uwarsa ta tuhuma. In ɗanta ne, kanta ta tuhuma. In ɗan kishiya ne ko na maƙwabciya, ta jefi musulma da zina. Sunan wannan a shari'a ƙazafi, kuma Suratun Nur aya ta 4 ta yanka masa bulala 80 ga wanda bai kawo shaidu 4 ba, tare da daina karɓar shaidarsa. Risala ta bayyana cewa wanda ya kore mutum daga nasabarsa haddi ya hau kansa. Mu mutanen Zamfara mu ne muka fi cancanta mu san wannan, domin a Gusau aka ƙaddamar da shari'a ranar 27 ga Oktoba 1999, zamanin Gwamna Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura, aka fara aiki da ita a Janairun 2000. Mun yi kabbara a lokacin, mun yi murna. Ashe bai kamata shari'ar ta shigo har tsakar gida ba? Ba ina cewa duk wadda bakinta ya suɓuce za a kwantar da ita ba, wannan aikin alƙali ne, shi ke duba lafazi da nufi da al'ada. Abin da nake cewa shi ne, kalmar da Allah Ya ajiye wa bulala 80 ba abin wasa da yaro ba ce. Har yabo muke yi da ita: "shegen wayo", "shegiyar atamfa". Yaron da ya tashi yana jin haka, me zai hana shi faɗa wa malaminsa?

Tsinanne. Cikakkiyar maganar ita ce "Allah Ya tsine maka albarka", wato a zare masa albarka kar a bar ko kaɗan. Ƙanwarta ita ce "Allah Ya ɗebe maka albarka". La'ananne kuma daga la'ana yake, ma'anarta nisantarwa daga rahamar Allah. Waɗannan addu'o'i ne, kuma daga bakin uwa suke fitowa. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mugun baki, don kada ya dace da lokacin amsa addu'a. Ya kuma ruwaito labarin wata mata da ta la'anci taguwarta a cikin tafiya, sai Annabi (S.A.W.) ya sa aka sauke kayan da ke kanta aka sake ta. Dabba ke nan, ina ga ɗan da kika ɗauki cikinsa wata tara? Kuma kar mu manta, ranar Idi da Manzon Allah (S.A.W.) ya je wajen mata ya hore su da sadaka, ɗaya daga cikin abubuwa biyu da ya ambata masu jefa mata wuta shi ne yawan la'ana. Sau nawa uwa ke zuwa wajen malamai tana kuka, yaro ya gagara, an yi masa asiri, alhali shekara goma sha biyar tana tsine masa safe da yamma?

Ɗan iska. Ko dai iskar da ke kaɗawa, wato mutumin da ba shi da tushe ba shi da madafa, ko kuma iskoki, sunan da 'yan bori ke kiran aljannu da shi. Duk wadda kika ɗauka a cikin biyun, ba gidan da za ki so ɗanki ya fito ba ne.

Ja'iri, kafiri, munafuka. Ja'iri da Larabci azzalumi ne, wanda ya karkace daga gaskiya. Munafuki shi ne mai bayyana imani yana ɓoye kafirci, wanda Suratun Nisa'i aya ta 145 ta ce makomarsa can ƙarƙashin wuta. Mu kuwa da an ɗan saɓa a gidan biki sai "munafuka". Kalmar kafiri ta fi su haɗari, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa idan mutum ya jefi ɗan'uwansa da ita, sai ta tabbata a kan ɗayansu. Amma sai ki ji uwa tana dariya tana cewa "kafirin yaron nan ya cika ƙiriniya".

Uwaka, ubanka. Da baki ko da daƙuwa, duk ɗaya ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, sahabbai suka yi mamakin yadda mutum zai zagi iyayensa, sai ya bayyana musu cewa yakan zagi iyayen wani, wancan ya rama. Uwar da ke ce wa ɗanta "ubanka" kuwa, mijinta ta zaga, a gaban ɗansa.

HABAICI DA GUGAR ZANA

Wata za ta ce ita ba ta zagi, ba ta kama suna. Gaskiya ne, amma tana gugar zana. Ki duba hoton da ke cikin wannan kalma: zana ce tsakaninki da maƙwabciya, ba ki shiga gidanta ba, kin dai goga jikin zanar don ta ji motsi. Haka mai habaici take, da kaza take magana ko da yaro ko da turmi, amma kowa ya san inda kibiyar ta nufa. "Mu dai 'ya'yanmu duk kamar ubansu suke." Kishiya tana jin wannan ta san me aka ce da ita.

To ki sani, a mazhabarmu habaicin da ya fito fili a kan zina hukuncinsa ɗaya da faɗa ƙarara. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Umar (R.A.) wasu mutum biyu sun yi cacar baki, ɗayan ya wanke iyayensa daga zina ta hanyar da kowa ya gane iyayen abokin faɗansa yake nufi. Bayan shawara, Umar ya yi masa bulala 80. Ko habaicin da bai kai nan ba, ki tuna Uwar Muminai A'isha (R.A.) da ta yi nuni da gajartar kishiyarta Safiyya (R.A.), Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna mata cewa kalmar nan da za a zuba ta a teku da ta gurɓata shi. Suratul Hujurat aya ta 11 kuma ta ambaci mata da sunansu wajen hana izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi.

KALMOMIN BARIKI DA NA SAMARI

Akwai kuma kalmomin da suka shigo da zuwan Turawa. Bariki asalinta mazaunin soja ne da ma'aikatan Bature, a bayan gari, inda ba a bin tsarin gida. Daga nan aka samu "ɗan bariki" da "barikanci". Kilaki kuwa kalmar Turanci ce ta akawu, aka laƙaba ta ga matan da ke bin ma'aikatan wancan zamani. Saboda haka wadda ta ce da 'yar'uwarta "'yar bariki" ko "kilaki" don ta ga ta iya kwalliya, ta san ƙofar ƙazafi ta taɓa.

Ba kuma duk kalmar da ta fito daga mugun gida ce take zama haramun ba. Ɗauki boko. Mutane da yawa suna zaton daga kalmar Turanci ta littafi take, amma masanin harshen Hausa Farfesa Paul Newman na Amurka ya yi rubutu a 2013 yana nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar jabu ko yaudara, irin ta amaryar boko da ake yi a biki kafin a fito da ta gaskiya. Kakanninmu sun kira karatun Bature da haka don rashin yarda da shi. Yau kuwa suna ne kawai na karatun da ke ba mu likita mace da ungozoma da malamar makaranta, kuma muna buƙatarsu. Ma'aunin dai guda uku ne: me kalmar ke nufi a kunnen mai ji, wa take cutarwa, kuma shin ta taɓa haƙƙin Allah?

Sannan akwai yaren da samari ke yi don kada iyaye su gane. A nan sanin asali kariya ne. Sholisho ruwan gam ne da masu faci ke liƙe taya da shi, yara ke shaƙa. Roci daga sunan kamfanin magani Roche aka samo shi, ana nufin ƙwayoyin sa barci. Wiwi tabar nan ce mai juya hankali. Kodin sinadari ne na cikin wasu magungunan tari, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, kuma ba samari kaɗai ya kama ba, har cikin ɗakunan matan aure ya shiga. Idan kika ji ɗanki yana cewa wane "ya yi caji", ba waya ake nufi ba. Uwargida, in kin ji baƙuwar kalma a bakin ɗanki ko 'yarki, kar ki yi dariya ki wuce. Zaunar da shi cikin lalama ki ce ya fassara miki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KALMAR DA KE KASHE MUTUM

Na ajiye mafi nauyi a ƙarshe. Jarrabawar da Allah Ya ɗora wa yankinmu ta zo da nata kalmomi. Garkuwa, wadda a da abin kare kibiya ce a fagen yaƙi, yau sunan satar mutane ce. Fansa, wadda muka sani a babin 'yanta bawa, yau kuɗin karɓo ɗan'uwa ce daga daji. Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024, sunansu daga kalmar Larabci ta soja yake. Babu wadda ta manta da 2021: 'yan mata 279 na makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, da ɗaliban makarantar Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba, har aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

A cikin kalmomin nan akwai guda da nake roƙonku da girman Allah ku ji tsoronta: infoma. Baturiya ce, ma'anarta mai kai rahoto a ɓoye. Masu wannan mugun aiki suna nan, kuma zunubinsu babba ne. Amma a halin da muke ciki, wanda aka laƙaba wa wannan suna yana iya rasa ransa kafin a yi bincike. Kuma sau da yawa ba a dandali maganar ke farawa ba, a bakin rijiya take farawa, ko wajen niƙa, ko gidan suna. "Ke, ina mijin wance ya samu kuɗin sabon babur?" "Ai kullum yana kan waya." "Hmm, Allah dai Ya kyauta." Ta uku ta kai wa mijinta, shi ya kai majalisa, kafin mako ya zagayo zato ya zama labari. In aka zubar da jinin bawan Allah nan alhali bai ji ba bai gani ba, aka bar matarsa da marayu, ina wadda ta fara cewa "hmm" za ta tsaya ranar lahira?

Suratul Hujurat aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, aya ta 12 kuma ta hana yawan zato. Ki tuna ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (R.A.). Munafukai suka ƙirƙira, amma wasu muminai na gari suka taya yaɗawa, cikinsu har da mace, kuma an tsayar musu da haddi. Suratun Nur aya ta 15 ta siffanta su da cewa sun riƙa karɓar maganar daga harshe zuwa harshe, suna ɗaukarta ƙaramar aba alhali babba ce a wurin Allah. In kina da tabbataccen sani a kan wani, ki gaya wa maigidanki a asirce ya kai wa hukuma ko mai unguwa. In zato ne, ki haɗiye shi. Haka nan kiran duk Bafulatani "ɓarawon daji" zalunci ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, waɗanda muke tinƙaho da su, Fulani ne, kuma cikin waɗanda aka sace wa shanu aka kashe wa 'ya'ya akwai Fulani. Baki shi ke yanka wuya.

MAFITA

Hanyar Manzon Allah (S.A.W.) ita ce musanya. Bai bar mutane da baki wofi ba. Ya canja wa wata yarinya suna daga Asiya mai ma'anar mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Ya canja gaisuwar aure ta jahiliyya da addu'ar albarka. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ma haka ta yi: ta ɗauki kalmar jaji daga bakin fatake ta ba shugabannin 'yan taru, matan da ke zuwa daga ƙauyuka ɗaukar karatu su koma su koyar. Mu ma ga abin da za mu iya:

1. Ki zaɓi kalma ɗaya da kika fi yawan faɗa, ki sa mata madadi. Maimakon "shege", "ɗan albarka". Maimakon "tsinanne", "Allah Ya shirye ka". Fushin zai fita, addu'a ta tafi a madadin la'ana.

2. Ki yi ciniki ba rantsuwa. "Haka na saro" ta isa. Wadda aka san ba ta ƙarya ba ta buƙatar wallahi.

3. Ki ba 'ya'yanki izinin tuna miki cikin ladabi in bakinki ya suɓuce, ke ma ki tuna musu. Ku yi yarjejeniya da abokiyar zamanki a kan haka.

4. In kin san kin jefi wata da kalmar da ta taɓa mutuncinta, ki nemi afuwarta tun kuna raye, ki kuma wanke ta a inda kika ɓata ta.

5. In an fara zancen wane infoma ne ko wance 'yar bariki ce, ki ce a bari. In ba a bari ba, ki ɗauki mayafinki.

Ita ɗalibar tawa, bayan mako biyu yaron ya sake ɓarna, wannan karon allon wata ya taka. Na ga ta buɗe baki, ta tsaya, ta dubi Inna, sannan ta ce: "Kai... Allah shi yi ma albarka, zo nan." Aji ya yi dariya, Inna ma ta yi, ta ce: "Amin. Ki riƙe wagga."

Allah Ya tsarkake harsunanmu daga ƙarya da giba da la'ana, Ya shirya mana zuri'armu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda ke hannun azzalumai gidajensu, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen abin da bakinmu zai furta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mini.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.